Wa Zai Riƙe Makulli? Abin da Mutanen Alakos Suka Faɗa wa Masu Sabuwar Manhaja

Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoma da makiyaya a ƙaramar hukumar Alakos, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram. Aikin ba shi da albashi, sai tarin takardu. Akwai babban littafin da nake rubuta wanda ya zuba gero a rumbun tsimi da wanda ya ranta, tiya nawa, da lokacin da zai biya. Akwai rasit na dussa da angurya da muke sayo wa dabbobi in bazara ta yi tsanani. Akwai kwafin takardun gonaki da kwamitin filaye ya sa wa hannu, irin kwamitocin nan da dokar karkara ta 1993 ta tanada tun daga ƙauye har gunduma. Duk suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakina, naɗe cikin leda saboda gara da yoyon damina.

Alakos tana arewa da kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Damagaram da Gure ta nufi Diffa, kuma tsakaninmu da ita rairayi ne. Da can, in masu furoje suka ce a kawo lissafin wata, sai in damƙa wa ɗan kabu-kabu ko yaron motar kasuwa ambulan, in yi ta addu'a. Yanzu hoto nake ɗauka in tura ta WhatsApp. Ya fi sauri, babu musu. Amma ka zo ka ga abin da ke biyo baya. Shafi ɗaya sai ya zama kwafi huɗu: wanda na tura da farko, wanda na gyara bayan ma'aji ya tuna wani bashi, wanda shugaba ya sake turawa daga wayarsa, da wanda ke hannun jami'in furoje. Ranar taro kowa ya ɗaga wayarsa ya ce nasa ne na gaskiya. In waya ta cika kuma, yaro ya karɓa don ya yi maka shara, sai rasit na wata shida ya tafi tare da bidiyon biki.

Ɗan ƙanwata ne ya ce ya zo mana da magani. Ya gama jami'a a Damagaram, shi da abokansa biyu suka kafa ɗan kamfani a ɗakin haya, suka ƙera manhajar ajiye takardun kasuwanci da yin aiki tare a kansu. Ga yadda irin wannan manhaja take. Maimakon takarda ta zauna cikin wayar mutum ɗaya, sai a ɗora ta ta intanet zuwa wata babbar kwamfuta da ke kunne dare da rana a wani gari, galibi ma a wata ƙasa. Duk wanda aka ba izini zai buɗe ya ga kwafi ɗaya tak, wato na ƙarshe. In ma'aji ya gyara lamba yana Gure, shugaba zai gani yana gida. Manhajar tana rubuta wanda ya taɓa takarda da lokacin da ya taɓa ta. Ana iya ba wani izinin gani kawai, a ba wani izinin gyara. Ko wayarka ta faɗa rijiya, takardar tana nan. Manyan kamfanonin duniya sun daɗe suna wannan sana'a: Box tun 2005, Dropbox tun 2007, Google Drive tun 2012. Abin da yaran suke taƙama da shi shi ne tasu ta gida ce, an yi ta don ƙananan ƴan kasuwa da ƙungiyoyi irin tamu.

Aka tara mutane a ƙofar gidan mai gari bayan la'asar. Suka yi bayani, suka nuna, wayar ta zaga hannu zuwa hannu. Kowa ya ce madalla, Allah ya yi albarka, wannan ci gaba ne. Da dare na tarar da yaron yana gaya wa abokansa cewa jama'a sun karɓa hannu biyu. Na ce masa, "Ɗana, yau kai baƙo ne, kuma ɗan gida. Wa kake zaton zai kunyata ka a gaban mai gari?" Ya ce, "To Kawu, ai ba wanda ya kushe." Na ce wannan shi ne abin tsoron.

Tafi a gaban taro ba ya nuna abin da zai faru, ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro waɗannan abubuwa. A watan Mayun 2009 kamfanin Google ya nuna wata manhajar aiki tare mai suna Wave a wani babban taron masana kwamfuta a San Francisco. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi. A watan Agustan 2010 kamfanin ya sanar ya daina ci gaba da ita saboda jama'a ba su ɗauke ta ba, a 2012 aka rufe ta baki ɗaya. Masana sun yaba, amma mai aikin ofis ya buɗe ta ya rasa me zai yi da ita.

Labarin Dropbox kuwa akasin haka ne. Drew Houston, wanda ya kafa shi tare da Arash Ferdowsi, ya sha ba da labarin yadda ya hau motar safa daga Boston zuwa New York da niyyar yin aiki a hanya, sai ya tarar ya manta filashinsa. A watan Afrilun 2007 ya nuna wa masana ƴan uwansa gajeren bidiyon abin da yake ƙerawa. Sukar da ta fi shahara cikin waɗanda aka yi masa tana da rassa uku: cewa duk wanda ya iya kwamfuta sosai zai iya haɗa irin wannan da kansa, cewa ba zai maye gurbin filashi ba tun da mutane za su ci gaba da riƙe shi saboda tsoron yankewar intanet, da cewa ba a ga ta inda kuɗi zai shigo ba. A 2008 ya sake fitar da wani bidiyo, masu jiran a ba su gwaji suka tashi daga 5,000 zuwa 75,000 a dare ɗaya. A 2018 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq, kuma daga baya waɗanda suka yi rajista da shi suka haura miliyan 700. Har yau matasan kamfanoni suna kawo wannan labari don su nuna cewa mai suka ba ya ganin nesa. Ni kuwa reshe na biyu na sukar nake kallo. A Boston bai yi tasiri ba. A Alakos shi ne magana ta farko.

Na ce wa yaran su ajiye kwamfuta su kwana har ranar kasuwa, in zaga da su. Haka masu Slack, wata manhajar aiki tare, suka yi kafin su fito da tasu a 2013: sun roƙi abokansu da ke wasu kamfanoni su yi aiki da ita, suna kallon inda take tuntuɓe suna gyarawa. Wannan manhaja ce kamfanin Salesforce ya saya daga baya a kan dala biliyan 27.7.

Mun fara da wani Alhaji mai fataucin dabbobi, wanda ke kai shanu da raƙuma har Maigatari, kasuwar Alhamis ta jihar Jigawa. Yaron ya nuna masa inda zai rubuta sunan mai saye da farashi. Alhaji ya juya wayar ya mayar masa, ya ciro tasa ya kunna mana saƙon murya. Wani ne daga can yake lissafa sa biyu da ya karɓa, kamanninsu, kuɗinsu da naira, abin da ya biya, abin da ya rage, da sunayen mutum biyu da suka shaida. Alhaji ya ce, "Malam, wannan ita ce takardata. In manhajarku za ta ajiye mini ita tare da hoton dabbar, in neme ta da sunan mutumin in same ta, to ku zo mu yi magana." Ya ƙara da cewa lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024, irin waɗannan muryoyi ne suka riƙe basussukan da ke tsakaninsa da mutanen Najeriya.

Yaran ba su sa wurin murya ba ko kaɗan. Sun kwaikwayi manhajojin ofisoshin Turai, inda kasuwanci yake tafiya da rubutu. A Nijar wajen mutum ɗaya cikin uku na manya ne yake karatun boko, kuma a karkara abin bai kai haka ba. WhatsApp ya sa saƙon murya a 2013, kuma ina ganin wannan ne ya shigar da shi gidajenmu, ba rubutu ba. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta gane wannan: shawarwarinta kan ƙwari da iri da magani tana naɗe su da murya cikin Hausa da Zabarmanci tana turawa ta WhatsApp, manomi kuma ya ɗauki hoton ganyen da ya lalace ya tura a ba shi amsa. Wani malamin allo da ke riƙe wa ƴan kasuwa lissafi ya ƙara nasa. Shi da ajami yake rubutu, kuma duk maɓallan manhajar da Faransanci suke. Ya ce ba ya neman ta iya karanta rubutunsa, ta dai bar shi ya ɗauki hoton shafin ya faɗi sunansa da baki.

Maganar rezo ba ta buƙaci kowa ya buɗe baki ba. A tsakiyar kasuwa yaron ya so ya nuna wa wani mai shago lissafin gwaji, sai alamar jira ta yi ta juyawa har mai shagon ya koma ga masu sayen sukari. A ƙauyuka da yawa na wajenmu akwai tudun da kowa ya sani, inda ake hawa a ɗaga waya. Manhajar da ba ta buɗe takarda sai da intanet ba ta da amfani a gindin tudun, kuma a gindin tudun ake ciniki. Abin da ake buƙata shi ne ta riƙe kwafi cikin wayar, mutum ya yi aikinsa, in rezo ya zo ta tura da kanta. Sannan ta matse hoto kafin ta tura, domin hoton shafi ɗaya da wayar zamani yana iya kai mega 3 ko 4, kuma littafina ba shafi ɗaya ba ne. Samarin fada, waɗanda shayi da waya ne aikinsu da dare, suka tambaya ko za a iya tura fayil daga waya zuwa waya ba tare da kiredi ba, kamar yadda suke yi da Xender da Bluetooth. Ɗaya daga cikin abokan yaron ya ce ai Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo Nijar a 2025, matsalar rezo ta kusa ƙarewa. Wataƙila ga ofisoshi da masu hali. Ƙungiyar da ke lissafin tiya ba za ta sayi faranti ta riƙa biyan kuɗin wata ba.

Sai kuma abin da ban taɓa tunanin zai zama magana ba, wato shagon caji. Wajen kashi 20 cikin 100 na mutanen ƙasar nan ne ke da wutar lantarki, mu kuwa da sola muke. Waya takan wuni a hannun mai caji, tare da wasu wayoyi hamsin. A gidaje da yawa kuma waya ɗaya ce tsakanin maigida da matansa da ƴaƴansa. Yaran sun ɗauka mutum ɗaya, waya ɗaya, lamba ɗaya. Nan kuwa mutum yana da layi biyu ko uku, Airtel da Moov da Zamani, yana sa wanda ya fi kamawa a inda yake, kuma layi ya kan ɓace. In asusu yana ɗaure da lambar waya kaɗai, ranar da layin ya ɓace takardun ƙungiya sun zama na wanda ya tsince shi, ko kuma sun zama ba na kowa ba.

Amma maganar da ta fi kowace nauyi daga mata ta fito, kuma su ba su zo taron ƙofar mai gari ba sam. Matata ce ta kai mu wurin ƙungiyarsu ta asusu ranar zubi. Irin wannan tsari, Mata Masu Dubara, ƙungiyar CARE ce ta fara shi a jihar Maradi a 1991, daga nan ya bazu cikin Nijar har ya tsallaka zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Akwatinsu yana da kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai kowa na zaune. Kafin a buɗe ana tambayar nawa aka bari makon jiya, matan su faɗa daga ka, sannan a ƙirga a gani ko ya yi daidai.

Yaron ya yi musu bayani, ya ce shugaba ce za ta zama mai iko da asusun, ita za ta ba da izini, ita za ta iya gogewa. Shugabar, dattijuwa ce da ta girme ni, ta ce, "Yaro, ni kaɗai?" Ya ce, "E, Inna, ai ke ce shugaba." Ta ce to ba ta so. Ba wai tana zargin kanta ba ne. Ta ce ranar da wani lissafi ya ɓace, ko da kuskure ne, ko da jikanta ne ya taɓa wayar, ita za a kalla, kuma ba ta da abin da za ta wanke kanta da shi. Kwaɗo ukun nan ba don tsare kuɗi kaɗai aka yi su ba, suna tsare mutuncin wadda akwatin ke ɗakinta. Ta ce in suna so matan su sa lissafinsu a ciki, to kada wani abu ya gogu ko ya canza sai mata uku sun yarda, kowace daga inda take, kuma abin da aka canza ya kasance ana iya ganin yadda yake da farko.

Na kalli yaran na ga sun daina murmushi sun fara rubutu. Abin da ta nema sananne ne a manyan bankuna da kamfanoni, inda ba a fitar da kuɗi sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. Amma ƙananan manhajojin ajiye fayil galibi mutum ɗaya suke ɗorawa a sama, su ba shi dukkan iko, domin a tunanin masu ƙera su kamfani yana da mai shi. Ƙungiya ba ta da mai ita. Rumbun tsiminmu ma haka yake, kuma ni da nake riƙe da littafin na fi kowa sanin abin da dattijuwar take nufi. Duk wanda ya taɓa riƙe amanar jama'a a ƙauye ya san zargi ya fi asara ciwo. A ganina, da yaran za su watsar da duk abin da suka ji a zuwan nan su riƙe wannan ɗaya, sun sami abin da zai bambanta su da manyan kamfanonin waje.

Ba kowace suka ce ta cancanci a bi ba, wannan ma sai a faɗa. Wani dillali ya tsaya kai da fata cewa manhajar za ta kawo fitina, ciniki sirri ne, ba a rubuta shi inda kowa zai gani. Yana da ɗan gaskiya, domin ba mai son maƙwabcinsa ya san nawa ya sayar da sansa. Amma ni na san shi, na kuma san inda abin yake masa ƙaiƙayi. In mai dabba a Alakos zai ga rasit ɗin da mai saye ya biya, to abin da ke shiga tsakani ban da la'ada ya fito fili. Irin wannan ra'ayi ana saurarensa, a gane daga ina ya taso, a ba kowa ikon ɓoye cinikinsa ga wanda ba ruwansa, amma ba a sake ginin manhaja dominsa ba.

Wani tsohon soja da ya yi ritaya ya dawo gida shi ya yi tambayar da yaran suka fi jin nauyinta: in kamfaninku ya mutu fa? Suka ce in sha Allahu ba zai mutu ba. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Kuma yana da hujja, ko da bai san tarihin ba. A watan Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, wani babban wurin ajiye fayil, bisa zargin satar fasaha, masu ajiyar halal da yawa suka wayi gari ba su iya kaiwa ga kayansu. Dropbox kansa, a watan Yunin 2011, ya yi wajen awa 4 ana iya shiga asusun mutum da kowace kalmar sirri saboda wani kuskure. A 2012 kuma aka sace bayanan shiga na asusu wajen miliyan 68, girman abin bai fito fili ba sai 2016. In haka ta sami masu biliyoyin dala, to ɗakin haya a Damagaram dole ya amsa tambaya. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, kuma takardun gonaki da sunayen masu bashi suna cikin abin da ya kamata a tsare. Tsohon ya ce shi yana aika kuɗi ta NITA da Al Izza da Amana ba tare da fargaba ba, saboda suna da ƙofa da zai je ya tsaya, da mutumin da zai riƙe wa riga. Ya ce su nuna masa tasu ƙofar.

Da yawa sun ce WhatsApp ya ishe su. A nan ban bi jama'a ba. WhatsApp wurin hira ne, takarda tana nutsewa cikin gaisuwar Juma'a da sanarwar rasuwa, kuma ba ya gaya maka wane kwafi ne na ƙarshe. Ban kuma yarda da masu cewa mutanen karkara ba sa son sabon abu ba. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar a shekarun da salula ke shigowa, daga 2001 zuwa 2006, ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ƴan kasuwa sun fara kira kafin su ɗora buhu a mota. Ba wanda ya tara su ya yi musu lacca. A 2009 kuma, a wani shirin yaƙi da jahilci da aka yi da ƙungiyar CRS a ƙauyukan Dosso da Damagaram, manyan da aka koya wa karatu haɗe da amfani da salula sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi. Mutanenmu suna ɗaukar abin da ya rage musu tafiya ko asara. Abdou Maman Kané ya gane haka da ya ƙera na'urar ban ruwa da manomi ke kunnawa da wayarsa daga nesa, har ta kai shi ga lambar yabo ta Sarki Hassan na Biyu kan ruwa a 2015. Bai nemi manomi ya zama wani mutum daban ba kafin ya amfana.

Kuɗi ne muka fi daɗewa a kai ba mu daidaita ba. Yaran suna son a riƙa biya kowane wata, kowane mutum da nasa, kamar yadda kamfanonin waje suke yi. Ma'ajinmu ya yi dariya. Kuɗi yana shigowa ƙauye da kaka ne, da kuma gab da babbar salla in an sayar da raguna. A watan Yuli ko jika ɗaya ba ka raba manomi da ita. Ya ce a yanka wa ƙungiya kuɗi ɗaya na shekara, a biya bayan girbi, kuma in an makara kada a kulle mana takardunmu, a dai hana mu ƙara sababbi. Su kuma suka ce kwamfutar da suke haya kowane wata ake biyanta, da kuɗin waje. Kowa yana da gaskiyarsa. Na ba su shawara su nemi masu furoje da manyan ƴan kasuwar Damagaram su ɗauki nauyin watannin rani, su kuma leƙa cibiyoyin renon ƙananan kamfanoni irin CIPMEN ta Yamai, wadda ke aiki tun 2014.

Bayan girbi suka dawo. Sun sa maɓallin murya babba a tsakiya. Sun mayar da rubutun Hausa, da hotuna a gefen kowane maɓalli. Takarda tana buɗewa ba rezo, tana jira ta tafi in an hau tudu. Goge abu yana neman yardar mutum uku, kuma dattijuwar da kanta ta gwada, ta sa jikarta ta yi ƙoƙarin gogewa, abin ya ƙi. Tura fayil daga waya zuwa waya bai samu ba tukuna, ajami kuma hoto ne kawai. Wannan karon ban bari a yi taron ƙofar mai gari ba. Na ce wa mutanenmu duk wanda ya ga aibi ya faɗa musu a fuska, domin madallar da muka yi musu da farko ta kusa sa su ɓata shekara guda suna gina abin da ba za mu taɓa ba.

Ƙungiyarmu ta yanke shawarar gwada manhajar zuwa kaka mai zuwa, kan lissafin rumbun tsimi kaɗai. Takardun gonaki ba za su shiga ba tukuna, kuma babban littafin yana nan, zan ci gaba da rubuta shi da hannu. Mun gindaya musu sharaɗi biyu a rubuce, shugaba da ma'aji da ni muka sa hannu: kowane ƙarshen wata su ba mu cikakken kwafin kayanmu a kan memori wanda zai buɗe ko babu manhajarsu, kuma su ajiye mutum a Gure wanda za mu iya zuwa mu same shi. In sun cika, za mu biya kuɗin shekara bayan girbi. In ba su cika ba, ko dala ba za mu ba su ba.